Wulaƙanci, ƙasƙanci da cin mutunci: duk ɗaya ne?

Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta turo cewa: Malam don Allah meye bambancin wulaƙanci da ƙasƙanci da cin mutunci, kuma daga ina suka samo asali? Sannan meye keta haddi?

To Malama, ba ɗaya ba ne gaskiya, duk da a baki muna cakuɗa su. Ƙasƙanci shi ne mai sauƙin ganewa, tushensa ƙasa ne, kamar yadda ake cewa abu ya yi ƙasa-ƙasa, daga nan aka samu ƙasƙanta da ƙasƙantacce, wato an sauko da mutum daga inda yake an ajiye shi ƙasa. Shi ya sa wanda ya fi ƙarfin a taɓa shi ake cewa wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. A wajen tafsiri ma da kalmar ƙasƙanci malamai ke fassara zilla ta Larabci, kamar a Baƙara aya ta 61.

Wulaƙanci kuwa (wasu kan ce walaƙanci) yi ake yi wa mutum da gangan, ka je ofis tun safe a bar ka a benci har azahar ba wanda ya ko dube ka, wannan shi ne. Mutum kan iya shiga ƙasƙanci saboda talauci ko ciwo ba tare da kowa ya taɓa shi ba, amma wulaƙanci sai da mai yin sa. Wani lokacin ma kai ka kai kanka, shi ya sa aka ce in da kwaɗayi da wulaƙanci.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne cin mutunci. Mutunci fa daga mutum yake, an ƙara masa ɗafin nan na -ci irin na zumunci da jahilci, ma'ana zamanka mutum kenan gaba ɗaya, sai kuma aka haɗa shi da ci kamar cin amana da cin fuska, abin da aka cinye ai ba ya dawowa, dalilin kenan da ake cewa mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Wallahi raina na ɓaci in na ga yaranmu a Facebook suna zagin sa'an ubansu suna kiran abin raha.

Keta haddi da kika ƙara tambaya a ƙarshe, haddi Larabci ne, iyaka kenan, wato an tsallake iyakar da bai kamata a tsallake ba.