"Ku saya yau, gobe zai tashi": in ci gaba da faɗa ko in bari?

Tambaya: Ni mai sayar da kayan masarufi ne. Na saba ce wa masu sayayya su saya yau don gobe kaya za su tashi, kuma ciniki yakan ƙaru. Amma yanzu wasu sun daina yarda da ni, wasu kuma sai su kwashi kaya da yawa su ɓace na makonni. Ina mafita?

Amsa: Malam, abin da ka gani ba ƙaruwar ciniki ba ne. Cinikin gobe ne ka ranto ka ci yau. Wanda ya sayi na wata guda saboda tsoro ba zai dawo ba sai ya ƙare.

Mai saye ba ya karanta alƙaluman hauhawar farashi. Yana auna tsada ne da abin da yake saye kullum da kuma abin da yake ji a bakin mutane, musamman bakin mai shago, don yana ganin kai ne kusa da dila. In ka ce zai tashi, sai ya gaya wa iyalinsa da maƙwabta. Kowa ya ruga saye, kaya su yi ƙaranci, farashi ya tashi da gaske. A watan Disambar 1973, wani mai gabatar da shirin dare a talabijin ɗin Amurka, Johnny Carson, ya yi raha cewa takardar bayan gida za ta yi wuya. Mutane suka wawushe ta daga kantuna, aka shiga ƙarancin da tsoro kaɗai ya haifar. Haka kuma da aka fara kashe kuɗin yuro, wato kuɗin bai-ɗaya na ƙasashen Turai da dama har da Jamus, a 2002, Jamusawa da yawa sun yi imani komai ya yi tsada ƙwarai, alhali ƙididdiga ta nuna ƙari kaɗan ne. 'Yan abubuwan da ido ke gani kullum ne suka tashi, sai magana ta ƙarasa sauran.

Shi ya sa manyan bankunan ƙasashe ke tauna magana kafin su furta. Na Amurka bai fara sanar da matakinsa kan kuɗin ruwa nan take ba sai 1994, a 2012 kuma ya fito fili ya ce kashi 2 cikin ɗari yake so hauhawar ta tsaya. Manufar ita ce hankalin jama'a ya kwanta.

Ba cewa nake ka yi shiru ba. In dila ya tabbatar maka da ƙari, faɗa, amma da rana da adadi da dalili: kaza zai ƙaru daga ranar kaza, saboda kuɗin dako ya hau. Wannan taimako ne, kuma mai saye zai gode maka. In jita-jita ce kawai ka ji, riƙe ta a cikinka, kada kuma ka ƙara farashi a kanta. Jira ka ga nawa za ka sake saro kayan.

Abin da ya fi damuna da 'yan kasuwa shi ne, ba a jin bakinsu ran da kaya suka sauko. Ran da ka saro da sauƙi, rage, kuma ka sanar da babbar murya kamar yadda kake sanar da ƙari. Waɗanda suka daina yarda da kai, ta nan za ka fara dawo da su.