Katafilar ƙanƙara ta mutu mini a tsakiyar dutse, an ce in zuba fetur a man dizal

Tambaya

Assalamu alaikum Injiniya. Ina aikin kula da wani gidan baƙi na katako a kan tsaunukan da ke kusa da garin Golden, a lardin Birtish Kolombiya na Kanada. Daga inda titi ya ƙare zuwa gidan kilomita 14 ne, kuma da Disamba ta kama babu abin da ke iya hawa sai katafilar ƙanƙara, wadda nan ake kira sunokat. Tamu ƙirar 2017 ce, injin dizal na zamani. Makon jiya sanyi ya kai digiri 27 ƙasa da sifiri. Ta tashi lafiya lau, na yi tafiyar kamar minti goma, sai ta fara tari, ƙarfinta ya ragu, ta mutu murus. Da ƙafa na koma, awa biyu ina nutsewa har gwiwa. Man da ke cikinta daga tankin ajiyarmu ne, wanda aka cika tun watan Satumba. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce in riƙa haɗa fetur kashi ɗaya cikin biyar, haka suke yi tun suna samari. Nan da kwana goma zan hau da baƙi, har da yara biyu, kuma wallahi barci ya gagare ni. In zuba?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara tsarewa. Kada ka zuba, ko cokali ɗaya. Zan dawo kan wannan, domin a nan bakina zai yi tsawo, amma bari in fara kwantar maka da hankali: injinka lafiyarsa ƙalau, kuma kai da kanka ka faɗi cutar da ka ce an cika tankin a Satumba.

Man rani ka hau dutse da shi. A Kanada masu sayar da mai suna sauya haɗin dizal gwargwadon wata da yanki, saboda haka abin da ke fitowa daga famfo a Janairu ba shi ne na Satumba ba. Na Satumba yana ɗauke da kaki mai yawa, kuma tun sanyi bai yi nisa ƙasa da sifiri ba yake fara gauraya. Ka san yadda man ja ke yi a kwalba idan hunturu ya tsananta, to haka. Injin ya tashi ne da ɗan man da ke cikin filta da bututu, ya ci gaba da zuƙo mai sanyi daga tanki, kakin ya yi ta taruwa a jikin filta har ya toshe ta. Tashi, tafiyar minti goma, tari, mutuwa: na ji wannan labarin har na haddace shi.

Ka tabbatar da kanka. Ciro filtar, juye abin da ke ciki a kwalba mai haske, ajiye a ɗaki mai ɗumi. Idan kaki ne zai narke ya koma mai garau. Idan ka ga ruwa ya kwanta a ƙasa, to ƙanƙara ma ta sa hannu, kuma wannan aikin tankin da ake bari rabi ne, yana zufa daga ciki. Sau da yawa duka biyun ake tararwa.

Yanzu batun fetur. Dattijon nan ba ƙarya ya yi maka ba, kuma shi ya sa maganarsa ta fi ta ɗan damfara haɗari. A shekarun 1970 da 1980 littattafan wasu motocin dizal na Jamus da kansu sun yarda a haɗa ɗan fetur idan sanyi ya matsa kuma babu man hunturu. Amma wane inji? Inji mai famfon da babu kwamfuta a jikinsa, mai haƙurin jaki, yana shan man da ke cike da sinadarin farar wuta. Wancan zamanin ya wuce. Ba kowace tsohuwar zuma ake magani da ita ba.

Injinka yana tura mai da ƙarfin da ke kaiwa bar dubu biyu, wato kusan ninki dubu biyu na matsin iskar da muke shaƙa, a wasu ma ya wuce haka. A yawancin irin waɗannan injuna babu abin da ke shafa wa ƙarafan cikin babban famfo da nozul santsi sai man dizal ɗin da ke ratsa su. Kuma tun 2006 da aka rage farar wuta a man titi na Amurka da Kanada zuwa kashi 15 cikin miliyan, santsin man ya ragu, sai an ƙara masa sinadari a matata. Fetur kuwa ba shi da santsi, wanke santsi ma yake yi, shi ya sa bakanike ke wanke hannu da shi. Ka zuba shi, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Garin ƙarfen ya bi bututu ya shiga kowane nozul, ya dawo tanki ta bututun komawa, ya sake zagayowa. Ranar da aka kawo mini irin wannan, ba famfo kaɗai nake canzawa ba: famfo, nozul duka, bututai, a sauke tanki a wanke. Mai kayan yana tsaye yana rantsuwa cewa ɗan kaɗan ya zuba. Kullum ɗan kaɗan ne. Kuma mugun abin, ba a ranar take kashe ka ba. Za ta yi tafiya lafiya, dattijo ya ce ka gani ko, sai bayan mako uku ta tsaya a kilomita na tara da yara a ciki, lokacin kuwa ba filtar da za ka canza ta tashi.

Wannan asarar kuɗi ce. Ga ta rai. Tankin dizal ba ya fashewa cikin sauƙi saboda tururin da ke saman man bai kai ya kama wuta ba. Man rani sai ya yi zafi sama da digiri 50 kafin tururinsa ya kama. Fetur kuma tun daga kusan digiri 40 ƙasa da sifiri yake fitar da tururi mai kamawa, amma a rufaffen tanki yawanci yakan yi yawa har iskar da za ta ciyar da wutar ta gaza. Ɗaya ya yi kaɗan, ɗaya ya yi yawa. Idan ka haɗa su fa? Ka sauka daidai tsakiya, inda tartsatsi ɗaya ya isa. Yanzu ka tuna me mutum ke yi idan mai ya daskare masa a daji: ya kawo abin hura wuta ya kara a jikin filta, ko ya tura garwashi ƙarƙashin tanki, domin ya ga direbobin Saberiya suna yi a bidiyo. Mutumin da ya zuba fetur jiya shi ne mai kunna wutar yau. Ina faɗa ina maimaitawa har abokan aiki sun gaji da ni, amma duk shekara sai wani ya shigo garejin yana ba ni labarin kakansa.

Abin da ya fi ba ni haushi ma, fetur ɗin ba ya gyara abin da ka zuba shi dominsa idan ka makara. Kakin da ya riga ya manne a filta yana nan daram. Haka ma maganin hana daskarewa da ake sayarwa a kwalba: aikinsa ya hana ƙwayoyin kaki girma, don haka dole ya shiga man tun yana garau. Wanda ya jira sai man ya gauraya sannan ya juye kwalba uku, kuɗinsa ya zubar. Akwai wani daban na gaggawa da ake zubawa cikin filta don narkar da kaki, ka ajiye kwalba ɗaya a mota, amma ba abin sha kullum ba ne. Kananzirin fitila ma ban yarda ba, shi ma busasshe ne.

Ga abin da za ka yi cikin kwana goman nan. Ka kira mai kawo muku mai, ka ce kana son dizal na hunturu ko lamba ɗaya, wato dizal mai ƙarancin kaki, ka tambaye shi har digiri nawa yake jurewa, ya rubuta maka a rasit. Lamba ɗaya zalla yana kai wajen 40 ƙasa da sifiri. Kada ka yi tunanin jarka biyu a kan man Satumba za su wadatar. Rabi da rabi ma da ƙyar zai ƙara maka digiri goma. Ka zuƙe tankin motar kaf, ka zuba sabo, ka sa sababbin filtoci. Man Satumba ya jira bazara. Za ka ga tana ɗan ƙara shan mai da lamba ɗaya, kada ya dame ka, haka yake. Ka riƙa cika tanki da yamma bayan aiki, ka tsiyaye ruwan da ke ƙasan filtar farko tun injin yana da ɗumi. A cikin ɗakin direba, inda ba za su yi sanyi ba, ka ajiye filtoci biyu, sifana mai kwance su, da 'yar jarkar mai mai tsabta. Kuma ka gwada canza filta da fitar da iska sau ɗaya a gareji, da safar hannu a hannunka, domin abin da ba ka taɓa yi da rana ba ba za ka iya shi da fitilar goshi ba.

Sauran kula ka san su, zan wuce da sauri. Baƙin mai 0W-40 ko 5W-40 idan littafin injin ya yarda. 15W-40 a wannan sanyin kamar tuwo yake. Ruwan lagireto, idan an haɗa sinadarinsa na hana daskarewa da ruwa rabi da rabi, yana jurewa har wajen 37 ƙasa da sifiri, a dutsenku gara sinadarin ya kai kashi 60, amma kada ka zuba shi zalla, zallan ya fi saurin daskarewa. Batir ya kwana a cike. Wanda ya sauka yana iya daskarewa, kuma daskararren batir ba a yi masa caji, ba a jona masa wani, fashewa yake. Idan gidan ba shi da lantarkin da zai ɗauki hitar inji, ku sa irin na Webasto ko Espar mai ƙona dizal. Ruwan AdBlue, wanda ake fesawa a salansa don tace hayaƙi, yana daskarewa a 11 ƙasa da sifiri, injin ya san da haka kuma yana narkar da shi da kansa, kada ka cika tankinsa maƙil, kada ka haɗa shi da komai. Feshin tayar da inji kuwa, matuƙar akwai hita a hanyar shan iska, ka nisance shi. Da yamma ka kankare dusar da ta cushe tsakanin sarƙa da tayoyi tun ba ta zama dutse ba, ka hau kan katako ka ajiye ta, hancinta na kallon hanyar fita. Idan kana neman inda man haidirolik ke yoyo, ka sa kwali, kada ka shafa da hannu, yana huda fata.

Tun da akwai yara, abu biyu kuma. Idan kun maƙale kuna zaune a ciki da inji a kunne don ɗumi, ka fita lokaci-lokaci ka duba bakin salansa, kada dusa ta rufe shi, ka bar taga a ɗan buɗe. Kada wani ya ce maka hayaƙin dizal ba ya kisa. Mu da muka sha jin labarin iyalan da suka kwanta da janareta a cikin gida a Najeriya ba su tashi ba, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ka sa na'urar da ke ƙara idan iskar gubar ta taru, ɗaya a mota, ɗaya a gidan.

Na biyu, nauyin katafila ba ya hana dusa zaftarowa ta tafi da ita. Gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45 shi ne mai zaftarewa, kuma ba sai kana kansa ba, wucewa ta ƙarƙashinsa ma ya isa. Cibiyar Avalanche Canada da ke Revelstoke tana fitar da hasashe kullum a lokacin sanyi, mai matakai biyar. Ka karanta na yankinku kafin ka kunna inji, kuma idan ba ka yi kwas ɗinsu na farko ba, ka yi. Ranar da ka ga mataki na huɗu, wato haɗari mai yawa, ka kira baƙin ka ɗage tafiyar, ko mai gidan zai yi fushi. Waya ba ta aiki a yawancin kwarurukan nan, saboda haka ka riƙe na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam a aljihun ciki inda batirinta zai ji ɗumin jikinka, ka bar wa wani a ƙasa lokacin da ya kamata ku isa. Jakar barci da takalmin taka dusa na kowa da kowa su kasance a mota, har na yaran.

Kafin ranar baƙi, ka zaɓi safiya mafi sanyi a cikin kwanakin nan, ka ɗauki mutum ɗaya, ku hau har gidan ku sauko da sabon man. Idan ta yi kilomita 28 ɗin nan ba ta yi tari ba, ka ɗauki baƙinka. Idan ta yi ko sau ɗaya, ka ciro filtar ka turo mini hoton abin da ke ciki.