Me ya sa tarin fuka ke ƙin jin magani fiye da ɗaya?

Malam, ka tambayi yadda ƙwayar cuta guda ke bijire wa magunguna da yawa, tunda ƙaninka na shan magani amma tarin bai sake shi ba. Tushen abin yana cikin ƙwayoyin gadon ita ƙwayar cutar.

In canji ya auku a ƙwayar gado mai suna rpoB, maganin tarin fuka mai suna rifampicin ba ya samun wurin kamawa. Isoniazid kuwa, wani maganin tarin fukan, ƙwayar cutar ce da kanta ke kunna shi ta hanyar wata ƙwayar gado mai suna katG. In katG ta lalace, maganin ya zama hoto. Waɗannan canje-canje da kansu suke aukuwa, jefi-jefi. Shan magani ana tsallake kwanaki ne ke kashe ƙwayoyin cutar masu rauni, masu taurin kai su samu filin hayayyafa. Wani ma bai taɓa tsallakewa ba, mai taurin ce ya ɗauka daga wani tun farko.

Kada ƙaninka ya ƙara wani magani daga kemis, kada kuma ya daina na hannunsa sai likita ya ce. Ku kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan Sakkwato, a nemi gwajin GeneXpert a kakinsa. Shi ke gano canjin rpoB, cikin kamar awa 2.