Na saka ACL, kwamfutoci sun daina samun adireshin IP

Ka ce ka saka ACL (jerin dokokin da ke barin saƙonni su wuce ko hana su) ka toshe VLAN 10 daga shiga VLAN 20 a switch na Cisco (VLAN rukunin kwamfutoci ne da aka ware a network), sai DHCP, wato tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshin IP, ya tsaya.

Laifin na ɓoyayyen deny ne da ke ƙarshen kowane ACL, wanda ke jefar da duk saƙon da bai dace da kowane layi ba. Buƙatar DHCP ta farko tana fitowa ne daga 0.0.0.0 saboda kwamfutar ba ta da adireshi tukuna, don haka layinka na permit ip 192.168.10.0 0.0.0.255 any bai kama ta ba, sai a jefar da ita. Sa permit udp any eq 68 any eq 67 (layin da ke barin buƙatar DHCP ta wuce) a can sama, sannan layin toshewa, sannan na izini. Daga sama ake bi, layin farko da ya dace shi ke yanke hukunci.

Af, ACL na interface vlan ba ya ganin kwamfutoci biyu masu magana cikin VLAN ɗaya. Wannan sai VACL, wato ACL mai tace saƙonni a cikin VLAN ɗin kansa.