Abin da ya kai mu Bremerhaven

Baffa, bayan gaisuwa mai yawa. Kun tambaye ni me ya sa muka kwashi yara zuwa kallon kakannin Jamusawa, alhali ko sunan kakan ubansu ba su sani ba. Tambayar ta tsaya mini a rai.

Mu nan Bremen, in hutun makaranta ya zo, gidaje uku ko huɗu mukan haɗu mu fita da yara, kowace uwa da kular abincinta. Wannan karon jirgin ƙasa muka hau zuwa Bremerhaven, gidan tarihin ƙaura da aka buɗe a 2005. Ta wannan tashar ruwa mutum fiye da miliyan 7 suka bar Turai tsakanin 1830 da 1974, akasarinsu Amurka suka nufa. Talauci da rashin gona ne suka kori da yawansu. Cin rani ne, Baffa, sai dai yawancinsu ba su komo ba.

Tun daga ƙofa ake ba kowa kati ɗauke da sunan wani da ya yi tafiyar da gaske, sai ka bi sawunsa: bakin tashar cikin duhu, makwancin talakawa a cikin jirgi, gado bisa gado kamar akurki, har kwaikwayon Ellis Island, wurin tantance baƙi a New York. Can ƙarshe akwai ɗakin kwamfutoci inda mutane ke neman danginsu a rajistar fasinjoji. Rajistocin ma ba duka suka tsira ba: na Bremen an riƙa zubar da tsofaffin tun 1875 saboda rashin wurin ajiya, na tashar Hambug kuwa, na 1850 zuwa 1934, suna nan.

A ɗakin nan 'yata ta ga wata tsohuwa tana shafa sunan kakanta a jikin gilashi. Ta ja rigata ta ce, "Baba, namu fa?"

Namu yana bakinku. Shi ya sa muka ɗauki wata ɗabi'a a nan: ranar suna, bayan addu'a, uban jariri yakan jero kakanni iya saninsa, a rubuta a ajiye. Ni a na uku nake tsayawa, kuma abin yana damuna.

Ranar Juma'a bayan la'asar zan kira, yara na kusa. Don Allah ku faɗa mana wanda ya fara sauka Katsina cikin kakanninmu, daga ina ya taso, kuma fatauci ne ya kawo shi ko neman karatu. In kun yarda, zan naɗi muryarku.