Koyar da yara lura da shigowar bazara ta hanyar zane da waƙa

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Kano. Ina so 'yan ajina su rubuta waƙa, su kuma yi zane a kan shigowar bazara, amma kullum rana da bishiya ɗaya suke zana mini, waƙar kuma ba ta wuce "zafi ya yi yawa". Yaya zan yi?

Amsa: Malama, yaran suna zana abin da ke kansu ne, ba abin da idonsu ya gani ba. Ki fitar da su waje tukuna. Ki kuma ajiye hotunan littattafan Turai masu nuna narkewar ƙanƙara, domin bazararmu, daga Maris zuwa Mayu, alamunta daban ne. Iskar hunturu ta kwanta, mai laima ta fara kaɗowa daga kudu maso yamma, guguwa na tashi da tsakar rana, darbejiya ta yi fararen furanni masu ƙamshi, mangwaro ya nuna. Can wajen ƙarshenta kuka ta fara toho, shamuwa ta iso. Gawo kuwa nasa a juye yake, ana dab da ruwa yake zubar da ganye. Idan akwai shi kusa da makaranta, da shi za ki fara, don yara ba sa manta shi.

Kowane yaro ya zaɓi reshe guda wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, ya ɗaura masa zare don ya gane shi. Sau ɗaya a mako, kafin ƙarfe 9 na safe, ya zana wannan reshen na minti 10, ya sa kwanan wata. Fensir HB ya isa fitar da siffa, 2B kuma na inuwa ne. Ki karɓe abin gogewa, in ba haka ba rabin lokacin a goge-goge zai tafi. Gumi na ɓata takarda a wannan yanayi, saboda haka su sa wata 'yar takarda ƙarƙashin hannu. Bayan mako 6 a jera zanen, za su ga canjin da kansu.

A gefen kowane zane su rubuta kalmomi biyar: abin da suka gani, abin da suka ji da kunne, da abin da suka shaƙa. Ki hana "kyau" da "daɗi", kalmomin ragwaye ne. Da waɗannan kalmomi za a gina waƙar. Ku fara da 'yar ƙwar biyu, wato waƙa mai ɗango (layi) biyu a kowane baiti, baiti uku kacal, amsa-amo ɗaya. Misali:

Shamuwa ta sauka kan kuka,
Baba ya ɗauko irin shuka.

Kowane ɗango a nan gaɓa tara ne. Su rera suna tafi, inda tafin ya yi tuntuɓe nan karin ya karye. Sau da yawa yaro zai cusa kalmar da ba ta da alaƙa da reshensa don kawai amsa-amo ya fito. Ki tambaye shi a ina ya ga abin. In bai gan shi ba, ya sauya ɗangon.

Ruwan farko a Kano yakan sauka wajen watan Mayu. Washegarinsa ki soke jadawali ku fita, ko da ba ranar zane ba ce, don fukafukan shinge, garar nan mai tashi bayan ruwan farko, da suka zube a ƙasa ba sa daɗewa kafin iska ta kwashe su.