Gyaran Fuskar Tsohon Babur

TAMBAYA: Salam Malam, na sayi Jincheng na hannu, inji lafiya lau amma tanki ya koɗe, salansa duk tsatsa. Ya zan yi? Daga Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka yi saurin kai wa mai fenti tukuna, fara goge tsatsar da samfefa mai laushi, a hankali fa, in ka ga salansar ta huje to sai walda ko sabuwa. Fentin tanki kuma ba ya zama a salansa, zafi zai ƙone shi, ka nemi mai jure zafi. Gilashin fitila in ya yi hazo, man goge baki da tsumma sun isa. Sitika dai don Allah a rage.